Mai Laka Ta Kasa Zaman Gida

A gidansu Mai Laka ake ce mata, domin shekara ashirin da shida ba ta taɓa dawowa da takalmi mai tsabta ba. Aikinta shiga fadama, inda ciyayi suka ruɓe suka danne juna shekaru dubbai, ta kafa dogon bututun ƙarfe ta zaro baƙar laka. A ɗakin bincike sai ta ƙirga ƙurar furannin da ke ciki, ta gane zamanin da ruwa ya wadata da zamanin da aka sha fari.

Ranar da ta yi ritaya, shugaban sashensu na jami'a ya sanar cewa masana fiye da dubu sun kafa hujja da rubutunta. Ana tafi, ita kuwa tana kaɗa ƙafa tana duban ƙofa.

Kwana tara ta yi a gida, tana jera kwanuka tana sake jerawa.

"Yaya, ki zauna mana, kujerar ba ta cizo," in ji ƙaninta.

"A fadamar ƙarshe bututun ya ci karo da itace a mita bakwai," ta ce. "Akwai laka a ƙarƙashi, ban gan ta ba."

Washegari ta buga wa ɗalibar da ta gaje ta waya, ta tambaya ko akwai wuri a motar sashen ranar Litinin. Ɗalibar ta yi dariya ta ce akwai, amma a baya, tare da bututai.