Kwat ɗin Mataccen Bature

Edita, a shekarun da suka biyo bayan babbar yunwar nan, lokacin da ƙashin wuyan kowa ya fito kamar sarƙa, ni direban tarakta ne a gonakin shinkafar gwamnati, ina zaune a unguwar Nyanshegu cikin Tamale. Bokona bai wuce firamare ba, amma ina iya sa hannu da lanƙwasa mai kyau, kuma a ganina wannan ya isa. Dukiyata a duniya ita ce batakarin mahaifina, wato rigarmu ta gargajiya, saƙar hannu, mai nauyi, wanda ya yi rawar bikin Damba da shi har ya rasu.

Sai aka zaɓe ni zuwa gajeren kwas na noman shinkafa a ƙasar Filifin. A nan Gana duk ƙasar da ake hawa jirgi a je, sunanta abrochi, kuma kowa ya san abrochi sanyi ne. Akawun ofishinmu, wani ɗan kudu da ke unguwar Lamashegu, wanda ya so kujerar ta zama tasa, ya kira ni gefe da fuskar tausayi. Ya ce can yawu ma daskarewa yake kafin ya kai ƙasa, ya ce ya san wani da kunnensa ya guntule. Ya fito da wani baƙin kwat na gwanjo, irin kayan da muke kira na mataccen Bature, cikinsa cunkushe da auduga kamar katifa. Ya ce: "Masta, ba na son kuɗi. Kawo wannan tsohon riga, ni zan taimake ka." Na ba shi batakarin, har da godiya. Mutumin nan kuwa akwai taswirar duniya a bangon ofishinsa.

Da aka buɗe ƙofar jirgi, na ɗauka injin ne ke hura mini wuta. Ashe garin ne. Zafin Tamale yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa dafa ka yake da romonka. Ga kwakwa, ga ayaba, ga sauro masu kama da 'yan uwan namu. A makon farko na farke cikin kwat ɗin da reza, na zare audugar tas, na yi matashin kai da ita. Na koyi dashen shinkafa a layi, na koyi cin kifi da safe, duk wannan ban yi kuka ba. Ranar rufe kwas ce ta karya ni. Aka ce kowa ya sa kayan ƙasarsu. Wasu da zane, wasu da rawani, ni kuma na tsaya a hoto cikin fankon kwat, gumi na bin ƙafata. Wata malamarmu ta tambaye ni cikin ladabi ko haka sarakunanmu ke sawa. Na ce mata e, idan suna zaman makoki.

Da na dawo na nemi rigata, akawu ya ce ciniki ya riga ya faɗa, ya ma ba surukinsa a kudu. Ban yi faɗa ba. Na ninke kwat na ajiye a ƙasan akwati, ina gaishe shi kowace safiya har da tambayar madam.

Allah bai kashe ni ba sai da nasa kwas ya fito, zuwa wata ƙasar Turai ta gabas, tsakiyar hunturu, a lokacin da ko sabulu sai da layi, balle kwat. Ya zo Nyanshegu yana kirana babban yaya. Na ce masa ni ma ba na son kuɗi. Sai da ya yi tafiyar kwana a bayan motar doya ya karɓo batakarin daga wurin surukin, da wace ƙarya ban sani ba. Na duba ɗinkin wuyan, na shinshina, na tabbatar na babana ne. Sannan na miƙa masa kwat a ɗaure tam cikin takarda, na ce kada ya kwance sai ya sauka, don iskar nan tana cinye ɗumin. Mai taswira ya yarda.

An ce ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya yi ritaya. Limaminmu ya ce in nemi gafara, kuma ina da niyya, ina dai jiran ranar da zan iya faɗa ba tare da dariya ba. Nadamata ta gaskiya ita ce ban ga saukarsa daga jirgi ba.

'Yan uwa masu tafiya, ku tambayi wace abrochi kafin ku saki kayan iyayenku. Ku kuma masu wayo, ku tuna wanda kuka cuta yana da akwati. Audugar na nan, a kanta nake barci.