Hancin Clency Marday

Shekara talatin da ɗaya Clency Marday ya yi yana shinshinar gangunan itace da ake tsuma giya a ciki a kamfanin giyar rake da ke bayan garin Souillac. Bai yi boko mai nisa ba, hanci Allah ya ba shi. Zai cire toshiyar ganga, ya ɗiba a tambulan, ya kai hanci, ya kurɓa ya tofar, ya ce, "A ƙara mata shekara biyu, itacen bai gama kama ta ba." Ba mai musa masa.

Da ya yi ritaya sai zama ya gagare shi. Ya kwance ƙofar kicin da lafiyarta ƙalau, ya sake ɗaurawa. Ya sayi ƙugiya ya tafi bakin teku, ko rabin awa bai yi ba ya dawo.

"Kai kam kamar kaza mai neman wurin ƙwai," in ji matarsa Mirella. "Zauna mana!"

"In zauna in yi me?"

"Abin da tsofaffi ke yi."

"To koya min, kin riga ni farawa."

Wata Talata ya hau bas ya koma kamfanin, wai hularsa ya manta. Ya tarar da Devika, wadda ta gaje shi, tana jayayya da manaja kan wata ganga mai shekara goma sha takwas. Manaja na so a jira ta cika ashirin.

"Kawu, zo ka ji min wannan," in ji Devika.

Ya shinshina: busasshiyar ayaba, ƙonannen sukari, can ƙasa kuma ƙamshin taba. Ya kurɓa, ta zagaye bakinsa, ya haɗiye, abin da bai taɓa yi a bakin aiki ba.

"Ke me kika ce?"

"Na ce ta kai. In ta ƙara damina ɗaya ɗaci zai shige ta."

Ya so ƙwarai ya sami abin gyara mata. Ya sake shinshinawa, babu.

"Ka ji ta," ya ce wa manaja. "A zuba a kwalabe."

Bai jira bas ba, ya ratsa gonakin rake da ƙafa har gida, yana ta mita shi kaɗai.

Bayan sati ɗaya ya gangaro da wata ƙaramar ganga tsakar gida, ya cika ta da sabuwar giya fara ƙal, ya toshe. Mirella ta riƙe ƙugu.

"Shekara nawa za ta yi?"

"Goma sha biyu."

"Clency, shekararka sittin da takwas fa."

"To sai ki rage gishiri a miya."