Ƙullin Wayoyin Kawu

Ɓeraye ne suka tuna mini da Kawu. Inna ta tashi da ciwo, sai an kai ta asibiti a Mafara, mota kuma ta ƙi tashi. Na ɗaga murfi, na tarar sun yanke wayoyi.

Kawu ne ya ƙera motar a Janbako, da injin mashin da ƙarafen tsohon gado. Wayoyinsa duk baƙaƙe ne, shi ya sa yake ƙulla kowace a bakinta biyu. Ranar da ya haɗa su a gindin darbejiya, yana warin fetur da goro, ya kama yatsana ya ɗora a kan ƙullin.

“Ni da kai ba mu yi boko ba,” ya ce. “Ƙulli ɗaya batir, biyu makulli, uku fulogi. In na mutu kada ka tsaya kana kallonta kamar saniya.”

Ranar ciwon Inna, sai na tuna maganar tasa. Na haɗa kowane ƙulli da ɗan'uwansa, na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu, ta ɗauka.

Yanzu Inna tana gida tana shan kunu. Allah shi jiƙan Kawu, shi haskaka kabarinshi, shi kwance mishi duk abin da ya ƙulle.