Rariyar Yaya Sale

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma har yau in na zo wuce sitonsa na Safana da azahar sai na ƙara sauri.

Riɗi yake saye a hannun manoman Zakka da Yasore, ya tura Legas, a sa a jirgin ruwa. Masu saye na ƙetare ba sa yafe tsakuwa ko ɗaya, shi ya sa da hannunsa yake rairaye kowane buhu. A shekararsa ta ƙarshe ya cika sito, direba ya zo ya faɗi kuɗin mota, ya ɗora na shingayen hanya da na tashar jirgi. Yaya ya dube ni.

"Malam, mi ka gani?"

Na ce, "Yaya, a jira sati guda, zai sauka."

Ni malamin makaranta ne, ko kwano ɗaya ban taɓa tura wa ƙetare ba, amma na faɗa kamar na sani. Bai sauka ba. Duk sati sai direba ya ƙara kuɗi, Yaya ya sallame shi, ya koma ya sake rairaye riɗin da babu sauran ƙasa a cikinsa. Mai sayen ya gaji, ya koma wata ƙasar da hanyarta ta fi sauƙi. Wata Laraba aka same shi jingine da buhu, rariya a cinyarsa, rai ya yi halinsa.

Matarsa Binta ce ta fara cewa tana jin rairaya a siton da rana tsaka. Na ce ɓeraye ne. Ranar da na ji da kunnena na tuna tun sadakar arba'in muka kwashe siton. Sautin kan tsaya ya ci gaba, kamar mai hutar da hannu. Tsoro na ji, da kunya.

Da Yaya zai leƙo yau, shingaye sun ƙaru, manomansa da yawa sun koma gero, wanda ba ya jiran jirgi. Allah ya jiƙansa, ba na jin zai yi mamaki.

Abin da ya rage nasa shi ne riɗin da ke tsirowa duk damina a ƙofar siton, daidai inda mota ke tsayawa, ba wanda ya shuka. Bana na girbe shi, ya cika kwano. Muna tsaye a wurin Binta ta ce in kai kasuwar Batsari.

Na ce, "A jira sati guda."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. A cikin siton, rairayar ta tsaya.