Mahaɗar da ke Saman Hular Baba

Fentin ƙofofin ƙarfe nake yi a bayan gidanmu a Kazaure, injin iskar da nake fesa fentin da shi kuwa yana rumfar ƙofar gida saboda ƙararsa. Da farko da fayif ɗin roba na ruwa na ja iskar, don rowa irin tawa. Ranar da ya fashe, wani ɓalli ya tsaga wa ƙanwata goshi. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi in aka kuma, injin zai bar masa gida. Ni kuwa ba ni da wani wurin aiki.

Sai na sayo bututun jan ƙarfe a Kano, irin na masu gyaran firij. Kwana uku ina yanka, ina goge bakin, ina liƙe mahaɗa da wuta. Hanya ɗaya ce bututun zai bi, ta jikin bangon zaure, daidai saman inda Baba yake shimfiɗa buzunsa.

Ranar gwaji na so sai ya tafi masallaci, amma aka kawo wuta yana zaune. Ɗa ba ya ce wa uba tashi a zaurensa. Na durƙusa ina ta kewaye-kewaye, wai ko zai ɗan sha iska a waje.

"Kai ka liƙa?" in ji shi.

"Ni ne, Baba."

"To kunna."

Na kunna. Allurar gejin awon iska ta fara hawa. Na bi mahaɗun da ruwan sabulu a soso, ina duba inda iska za ta fita. Shida lafiya lau. Ta bakwai, wadda ke saman hularsa, ta huro kumfa, ta fashe, wata ta taso.

Wallahi sai da na yi tunanin share ta da yatsa, gobe in gyara ba wanda ya sani. In na faɗa, ƙila shi ke nan, injin ya tafi. Na dubi furfurar ƙeyarsa, na tuno goshin ƙanwata. Na fita da gudu na kashe injin, na saki iskar, na dawo na durƙusa.

"Baba, guda ɗaya tana yoyo."

Bai ɗago daga carbinsa ba.

"Tun ɗazu nake jin hucinta a kunnena," ya ce. "Jira nake in ji ko za ka faɗa. Je ka ɗauko wutarka."

Sannan ya naɗe buzunsa da kansa, ya matsa min.