Ɗan Maƙeri, Ƙi-Sarauta da Ajin Asabar

Har yau idan maganar ta taso a gidan Yaya, cewa ake yi wai na ɗauki Turawa biyu masu suna ɗaya na cure su wuri guda na mayar da su mutum ɗaya. Ba haka aka yi ba. Tun ranar farko na san su biyu ne. Ai wanda aka sare wa kai ba zai tashi bayan shekara ɗari ya sare na wani ba. Kuskurena daban ne, kuma ko gobe aka miƙa wa wata Bahaushiya littafin nan ba bayani, abin da na yi shi za ta yi.

Watana huɗu a Doha a lokacin. Da bizar ziyara na zo wurin Yaya, wadda likitar yara ce, mijinta kuma injiniya ne a harkar gas. Tun da na gama sakandare na zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu. Ta biyun ko sakamakon ban tsaya dubawa ba, don jira ba ya cikin halina. A benensu na unguwar Al Mirqab aikina bai wuce in dafa abinci, in miƙe ƙarƙashin esi, in yi ta latsa waya ba. Wata rana Yaya ta dawo daga asibiti ta same ni a kujerar da ta bar ni da safe. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Auta, ba zan yi ta zirga-zirgar takardun izinin zama a kan mai barci ba. Nan da ƙarshen wata mai zuwa, ko in ga kin kama abin kirki, ko in yankar miki tikitin komawa gida. Khalas, magana ta ƙare."

Ni kuwa ba na son komawa hannu rabbana. Layinmu kaf sai an ji.

Hawa biyu ƙasa da mu akwai wata malamar jami'a 'yar Zariya, kowa Malama yake ce mata. Duk Asabar da hantsi tana tara 'ya'yan mutanenmu su bakwai a falonta, a yi hira da Hausa don kada harshen ya tsere musu, sannan a taya su aikin makaranta. Aiki ya yi mata yawa, tana neman mai riƙe mata ajin. Na sauka na ce ga ni. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ta ba ni Asabar uku, za ta gani.

A cikin yaran har da 'yar Yaya mai shekara goma sha biyu. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka Ummi muke ce mata, ba mai iya kama sunan. Makarantar tsarin Ingila take zuwa. Ana sauran kwana biyu in fara, ta wurgo min littafinta na tarihi a cinya.

"Anti, in dai da gaske taimako za ki yi, ga shi. Sarakuna takwas, duk sunansu ɗaya. Na takwas ɗin ya yi aure shida, uku daga cikin matan sunansu ɗaya. Manyan fadawansa huɗu su ma sunansu ɗaya. Wai sunaye ne suka ƙare a ƙasar?"

Na buɗe don in rufe mata baki. Ban ɗago kai ba sai da ƙaurin shinkafa ya cika gidan. Ashe haka tarihi yake! A makarantarmu shekaru kawai ake ba mu mu haddace, ba wanda ya taɓa gaya min cewa a ciki akwai jinjirin da aka naɗa sarki tun bai fara tafiya ba, da waziran da ke kwana da kansu su wayi gari ba shi. Na riƙa bin Yaya har bakin banɗaki ina ba ta labari, tana cewa in ƙyale ta ta yi alwala.

Kuma nan take na ga inda matsalar Ummi take. A gidanmu maza biyar ne ke da sunan Kaka: Abba, Halifa, Baba Ƙarami, Mai-suna da Malam Ƙarami. Ba wanda ya taɓa rikita su, ko baƙo kwana biyu ya ishe shi. Su kuwa Turawa sai su liƙa wa mutum lamba kamar ɗakin otal, su ce yaro ya riƙe.

Asabar ta farko na shiga na ce wa yaran yau raɗin suna za mu yi. Sarki na shida ya zama Jinjiri. Na bakwai, da aka ce hannunsa ba ya buɗewa, ya zama Maƙo. Ɗansa na takwas ya zama Mai-aure-shida. Fadawan nan huɗu kuwa muka raba musu: Ɗan Mahauci, Mai Taurin Kai, Babban Limamin Coci, sai Ɗan Maƙeri. Shi Ɗan Maƙeri na fi so. Yaro ne daga gidan talaka, ya taso da wayonsa har ya zama ba abin da ke motsi a ƙasar sai da saninsa, sannan ya haɗa wa sarki auren da bai yi masa ba, maƙiyansa suka samu ƙofa, aka sare masa kai. Kafin azahar yaran nan suna jero su ba tuntuɓe, suna gardamar wa ya fi wa mugunta, kuma duk da Hausa. Malama na daga kicin tana ji. Da za mu tashi ta ce, "Ba laifi." A bakin Malama wannan kirari ne.

Kaina ya kumbura, ban musa ba.

Daren Juma'a ban yi shiri ba, sai da safe na ɗauki littafin ina juya shafuka da sauri don in samo abin da ya fi na makon jiya zafi. Na tsallake wajen shafi arba'in. Sai ga sunan Ɗan Maƙeri ya sake fitowa, ba sunansa na farko ba, na biyun, a jikin wani mutum daban. Wannan soja ne. Ya yaƙi sarkin zamaninsa, ya ci shi, aka sare kan sarki a bainar jama'a, daga baya aka yi masa tayin sarauta ya ce ba ya so. Na daka tsalle daga kan gado. A wurinmu sunan da ke bin naka na ubanka ne ko na kakanka, haka muka rubuta a kowace takardar makaranta. Na ga tazarar ta yi wa ɗa yawa, na ce to jika ne. Sarki ya sare kan kaka, jika ya girma ya sare kan sarki. Me kuma ya rage a bincika?

Ranar Malama ta leƙa unguwar Najma cefane ta bar min ajin. Na ɗauko ludayi a matsayin takobi, filon kujera ya zama kan sarki. Na raɗa wa sojan suna Ƙi-Sarauta. Na ba su labarin yadda ya taso kakarsa na zaunar da shi tana kuka tana gaya masa abin da aka yi wa gidansu, yadda ya rantse ba zai huta ba sai ya rama. Kakar nan ni na haife ta a falon Malama, ba ta cikin kowane littafi. Da ludayi ya sauka filo ya gangara ƙarƙashin tebur, yaran suka kaure da ihu da tafi. Na koma sama ina jin kamar lif ɗin ya yi min kaɗan.

Ranar Talata Ummi ta shigo daga makaranta ta jefar da jaka, idanunta jawur. An ba su aikin rubutu a kan dalilin da ya sa aka kashe sarkin, ita kuwa ta zazzage labarina kaf, har da kakar. Malaminsu ya rubuta da jan biro cewa labari ya yi daɗi, amma a ina ta samo shi? Yarinyar da ke kusa da ita ta leƙa ta karanta da ƙarfi, aji ya kwashe da dariya.

"Anti, kin kashe ni! Yanzu 'yar kaka suke ce min."

Mijin Yaya ya karɓi takardar ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Farfesa! Ashe har Ingila kike raba gado? Gobe sai ki gano mana kakan Fir'auna."

"Ai dai na fi wani, da in ba bututu ba bai san komai ba."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yarinya ta yarda da ke, kin kai ta kin baro." Ba ta ambaci tikiti ba. Ba sai ta ambata ba.

Da la'asar Malama ta aiko in sauka. Littafin na gabanta.

"A wane shafi kika ga jikansa ne?"

"Malama, ai abin a bayyane yake. Suna ɗaya, ga sara, ga sara."

"Ban tambaye ki abin da ke bayyane ba. Shafi na tambaya."

Na juya shafuka gaba da baya, ban samu ba.

"A wurinsu sunan nan na gida ne, yana iya tafiya shekara ɗari biyar, har waɗanda ba su san juna ba su ɗauka. Saura Asabar ɗaya. Ki zo min da shafi, ko ki zo ki ba yaran haƙuri. In kin zo da wani filon, kada ki ƙwanƙwasa."

Kwana uku a jere ina shiga metro da safe zuwa babban ɗakin karatu. Ban taɓa shan wahala irin wannan ba. Hannuna na ƙaiƙayin ya tsallake shafi, ina danne shi. Rana ta farko na gano tsakanin sara da sara shekara ɗari ce da ɗoriya, kuma sarkin da aka kashe ba jikan Mai-aure-shida ba ne, don shi 'ya'yansa ba su bar baya ba. Rana ta biyu na gano rigimar ta sarki da majalisa ce, a kan haraji da ibada da wanda maganarsa za ta zama ta ƙarshe, kuma Ƙi-Sarauta ɗaya ne cikin mutane da yawa da suka sa hannu a takardar hukuncin. Ramuwata ta mutu murus. Na fito na sayi shayin karak na sha a tsaye ina tunanin wace jaka zan fara haɗawa.

Rana ta uku na koma don kawai kada a ce ban koma ba. A wani littafi mai nauyin turmi na ci karo da jadawalin zuri'a. Na ɗora yatsa ina bi. Ɗan Maƙeri yana da 'yar'uwa. Ɗanta ya taso a hannun kawun, har ya ajiye sunan gidan ubansa ya ɗauki na kawu. Shi ya haifi wani, wanin ya haifi wani, wannan ya haifi Ƙi-Sarauta! Da sauri na juya wajen sarakuna. Mai-aure-shida shi ma yana da yaya mace da aka kai aure Sikotilan, kuma daga tsatsonta sarkin da aka sare ya fito. Jinin 'yar'uwar waziri da jinin 'yar'uwar sarki! Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar!" da ƙarfi ba. Mai gadi ya waiwayo, wani dattijo ya sauke jaridarsa. Na ɗaga musu hannu, na ɗauki hoton shafukan, na bi ta shagunan Al Asmakh na sayi babban kwali da alƙaluman maka kala uku.

Ranar Asabar Malama ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Na fara da abin da ya fi min ɗaci. Na ce wa yaran kakar nan ƙarya ce, ni na ƙaga ta, shafi arba'in na tsallake. Na dubi Ummi na ce ta yafe min. Ta murguɗa baki ta ce za ta yi shawara.

Sannan na baje kwalin a ƙasa. Ja na gidan sarki, shuɗi na gidan maƙeri, kowane reshe da lambar shafinsa a gefe. Yaran suka durƙusa suna bin layi da yatsa. Da suka iso ƙasa inda ja da shuɗi suka yi karo, falon ya ɗauki ihu fiye da na ranar filo.

"Ke nan Anti ta yi gaskiya!" in ji wata. "Ramuwa ce!"

Malama ta cire tabarau. "To, Malamar aji. Ramuwa ce?"

Wallahi harshena ya yi ƙaiƙayi. Ga yara bakwai na jiran in ce e, ga kwali na goyon bayana. Na ce, "Dangantaka akwai, ga shafinta. Ramuwa kuwa ban ga inda aka rubuta ba, kuma kwana uku na nema. Wanda ya rubuta ta a jarrabawa, shi da jan biro."

Malama ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito da makullin kabad ɗin da take ajiye littattafan ajin, ta ajiye min a kan kwalin. "Ƙarfe tara ake farawa, ba tara da kwata ba. Yalla, maza ku naɗe wannan kada a taka."

Ummi ta ɗauki hoton kwalin ta kai wa malaminsu ranar Lahadi, da yake a Doha ranar ake komawa makaranta. Ta dawo tana taƙama wai ya ce a liƙa a bangon aji, ta kuma sanar da ni cewa shawararta ta ƙare, ta yafe. Da yamma Yaya ta leƙo kicin ta ce in ɗauko mata fasfona da hotuna biyu, gobe za ta fara bin takardun zamana. Mijinta ya ce a ƙara da hoton kakar.

Na ce su yi ta dariya. Na riga na tambayi Malama inda masu zaman kansu ke rajistar jarrabawar nan ta tsarin Ingila, ta rubuta min a takarda. Tarihi zan fara zaunawa. Shafi arba'in ɗin da na tsallake na soma da su, biyar kullum bayan azahar, kuma wannan karon idan na rubuta, zan zauna in jira sakamakon.