Don Evaristo da Zanen Fensir a Ƙasan Takalmina

Ranar Lahadi, 13 ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah ya yi wa Don Evaristo Barrientos rasuwa a gidansa da ke nan Ushuaia, garinmu na can ƙarshen kudancin duniya inda Yuli ke tsakiyar sanyi, yana da shekara saba'in da takwas. Dawowarsa ke nan daga coci tare da matarsa, Doña Clorinda, ya zauna a bakin murhu ya ce mata ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin motar asibiti ta hauro tudun unguwarsu, wanda dusar ƙanƙara ta rufe tun Asabar, rai ya yi halinsa. Ni ban ji ba sai washegari, da na isa shagonsa da takalmana na zamiya a kan ƙanƙara rataye a kafaɗa, na tarar da ƙofa a kulle, an liƙa 'yar takarda da rubutun 'yarsa Nélida.

Yau kwana goma, Don Evaristo, kuma na kasa zama wuri ɗaya. A masana'antar da muke haɗa talabijin, sau biyu shugabar layinmu tana taɓa kafaɗata don na bar hannuna a sama ina kallon bango. In na tashi aiki, sai in ga ƙafata ta kai ni titin shagonka. In tsaya, in wuce, in sake dawowa kamar na yar da wani abu. Wannan rubutun ma a tsaye na fara shi.

Duk wanda ya taɓa ɗora ƙafa a filin ƙanƙara na garin nan ya san ka. Baduku ne kai, daga tsibirin Chiloé ka zo da basillarka kana saurayi, kana ɗinka wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa takalmi. Da aka fara kawo maka takalman zamiya gyara, sai ka koya wa kanka aikinsu, har ya zama babu mai wasa siririn ƙarfen da ke ƙasan takalmin ko ɗaure shi a duk garin sai kai. Abin mamaki, ba ka taɓa yin zamiya ba ko sau ɗaya. Kullum kana bayan katanga da hularka ta ulu, da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu, a hannu, kana sauraro. Kakan juya wa fili baya ka ce, "Wannan Ulises ne, ƙarfensa na hagu ya dakushe," mu waiwaya mu ga kuwa shi ne.

Ina da shekara arba'in da biyar na fara. 'Ya'yana sun tafi karatu arewacin ƙasar, gida ya yi mini faɗi, sai na shiga ajin manya na ranar Asabar, wanda kai ka laƙaba wa suna ajin masu ciwon gwiwa. Ranar farko da takalmin haya na shiga, na manne da katanga ina bin ta kamar makauniya. Ka dube ni ka ce, "'Yata, katangar nan ta hukuma ce, in kin gama da ita ki bar mana." Na ji kunya, na ji haushi, na saki katangar. Na faɗi nan take, amma na sake ta.

Ba ni kaɗai ka yi wa haka ba. Akwai kanta guda a shagonka da ka cika da takalman da suka yi wa masu su kaɗan. Kakan wanke su, ka sake musu igiya, ka jira ƙafar da za ta dace. Daga nan ka ɗauko mini takalmina na farko, mai laushi, na wata malamar makaranta da ta koma Córdoba. Shekara huɗu yana ƙafata. Da shi na koyi tafiya da baya, da shi na koyi juyi, da shi na fara ɗaga ƙafa biyu daga ƙanƙara, ko da tsallen nawa bai wuce tsayin kofin shayi ba.

A farkon sanyin bana takalmin ya gaji. Fatar ta karye a wajen idon sawu, in na dira sai in ji ƙafata tana lanƙwashewa ciki. Malamarmu Silvina ta ce in ina son shiga jarrabawar mataki na gaba a ƙarshen Yuli, sai na sake takalmi mai ƙarfi. Na zo maka da hoto a waya. Irin wanda zakarun duniya ke sawa na zaɓa, fari tas, mai tauri kamar itace. Ka karɓi wayar, ka nisanta ta da idonka, ka miƙo mini.

"Wannan na masu juyawa sau uku a sama ne. Ke sau nawa kike juyawa?"

Na ce rabi.

"To rabin takalmin za a aiko miki?"

Mutanen da ke shagon suka yi dariya. Ka ci gaba da cewa takalmin da ya fi ƙarfin mai shi ba ya lanƙwasa, in bai lanƙwasa ba gwiwa ce za ta sha wahalar, kuma gwiwar mai shekara arba'in da tara ba ta da ta canji. Gaskiya ka faɗa, amma dariyar nan ita kaɗai na ji. Na ce maka mutumin da bai taɓa taka ƙanƙara ba ba zai gaya mini iyakata ba. A gaban mutane na faɗa, a cikin shagonka. Ka sunkuya ka ci gaba da ɗinkinka. Na fita na bugo ƙofa.

Na aika Buenos Aires, babban birninmu, aka kawo mini takalmin, da ƙarfensa a ɗaure. Mako uku na yi ina fama da shi. Ya ci mini diddige har jini, babban yatsana na dama ya kumbura, na kasa durƙusawa yadda ake yi kafin tsalle. Na daina zuwa ranar Asabar don kada mu haɗu, na koma zuwa ranar Talata da rana. A mako na huɗu bakin ƙarfen ya kama ƙanƙara, takalmin ya ƙi bin ƙafata, na kifa da fuska. Ɗinki biyar aka yi mini a haɓa.

Ban aika maka ba, ban kuma yi niyyar aikawa ba. Kwana uku bayan nan, da hantsi, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata. Kai ne, da jakar kayan aikinka, ka hauro matakalar gidana mai hawa talatin da santsi da komai, kana haki. Ka dubi haɓata ka ce, "Wa ya yi wannan ɗinkin? Da ni aka kawo wa da ya fi haka kyau." Sannan ka ce in dafa ruwan mate in cire safa.

Ka shimfiɗa takarda a ƙasan kicin ɗina, ka sa na tsaya a kai, ka durƙusa da tsofaffin gwiwoyinka kana zagaye ƙafata da fensir. Ka auna ta ina tsaye, ka auna ina zaune, ka sa na lanƙwasa gwiwa ka sake aunawa. A ranar na san cewa ƙafata ta dama ta fi ta hagu faɗi, kuma diddigena siriri ne, shi ya sa yake yawo a cikin kowane takalmi. Shekara arba'in da tara ina tafiya a kan ƙafafun nan ban san su ba. Ka zaɓar mini takalmi mai matsakaicin tauri, wanda zai riƙe idon sawu ya kuma bar gwiwa ta yi aikinta. Farin nan mai taurin kai kuwa ka saka shi a jaka ka ce zai zauna a kanta har ranar da Allah zai kawo mai juyawa sau uku.

Duk tsawon zaman nan bakina yana cike da ban haƙuri, Don Evaristo. Na buɗe baki ya fi sau uku. Kowane lokaci sai ka miƙo mini ƙoƙo ko ka ce in gyara tsayuwa, ni kuma in ce a raina bari sai takalmi ya iso, bari sai na ci jarrabawa in zo maka da takardar in haɗa duka. Ban faɗa ba.

Da sabon takalmin ya iso, kwana biyu ka yi a kansa. Ka gasa shi ya yi laushi, ka sa mini shi da ɗuminsa har ya ɗauki siffar ƙafata, ka buɗa wajen babban yatsan da wani ƙarfe mai kan ƙwallo. Ƙarfen zamiyar kuwa da noti huɗu kacal ka kama kowanne, na wucin gadi. Ka ce ba a huda sauran ramukan sai an ga yadda mutum ke tafiya, don in aka huda ba daidai ba an ɓata ƙasan takalmin. Ka hana ni tsalle har sai ka ƙarasa.

Ranar Alhamis ta ƙarshe ka zo fili ka tsaya a wurinka. Ka sa na miƙe a kan ƙafa ɗaya daga wannan katanga zuwa waccan, dama sau shida, hagu ya fi sau goma. Ban taɓa jin ƙanƙara ta karɓe ni kamar ranar ba. Da na fito na zauna, ka ɗauki na hagun, ka goge ƙasansa da hannun rigarka, ka ciro fensir daga bayan kunne ka yi wani ɗan zane a gefen ƙarfen: layi ɗaya, da ɗigo biyu. Ka ce, "Na daman ya zauna. Wannan yana jan ki gefe. Kawo shi Litinin, kuma kada ki yi mini tsalle, na san halinki."

Tun daga Litinin ɗin nan ban shiga fili ba, ina tsoron kada danshi ya goge zanen. Na naɗe takalmin a tawul, in buɗe in duba, in rufe, in sake buɗewa. Ciki za a matsar da ƙarfen ko waje? Ɗigo biyun nan mene ne? Na nuna wa Silvina, ta ce ita koyarwa ta sani. Jarrabawa ranar Asabar ce mai zuwa, kuma akwai tsalle a ciki.

Jiya da yamma aka rufe addu'ar kwana tara a gidanka. Da mutane suka ragu, na zauna kusa da Doña Clorinda na gaya mata abin da na faɗa maka a shago, na ce ban nemi gafararka ba. Na zaci za ta ce ai ba ka riƙe ni ba. Ta ce, "Ya ji zafi ƙwarai, Zulema. Kwana uku yana mita, ko abincin kirki bai ci ba. Ranar da ya ji kin fasa haɓa kuma ko hularsa bai tsaya nema ba, ni na bi shi da ita." Sai ta ce in nuna mata takalmin, don ta ga jakar a ƙafata tun shigowata.

Ta juya shi, ta kawo shi kusa da taga. Ta ce layin yana nufin ciki, ɗigo biyu kuma kaurin kati biyu za a matsar da ƙarfen, haka kake rubutawa tun kafin a haifi Nélida. Shekara arba'in da shida tana riƙe maka takalmi kana hudawa, amma ba ta taɓa kama injin hudar da hannunta ba. Ta shafa zanen ta gefe, sannan ta ce, "Ki zo Juma'a da safe. Ke ki riƙe, ni in huda. In mun ɓata, mun ɓata tare."

Ban san ko hannunta zai tsaya ba, ban san ko nawa zai tsaya ba. Amma za mu buɗe shagonka ranar Juma'a, kuma zan shiga fili ranar Asabar. Ka yafe mini maganar da na faɗa maka, Don Evaristo. Na makara, amma ga shi na faɗa a gaban mutane, kamar yadda na faɗi waccan.

Ubangiji ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin salamarsa. Ya saka maka da alheri a kan kowace ƙafa da ka durƙusa ka auna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Clorinda, da 'ya'yanka Nélida da Rubén, da jikokinka, da 'yan'uwanka na Chiloé da hanya ta hana su isowa jana'iza, da dukanmu 'yan ajin Asabar. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya sa mu ma mu cika da kyau. Amin.

Zulema Cárcamo
Ushuaia